Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi

Wata ranar Talata cikin damina, bayan an idar da sallar La'asar, wata baiwar Allah ta yi sallama a ƙofar ofishinmu riƙe da baƙar leda. Da ta zauna aka gaisa, sai ta kwance ledar ta fito da takardu uku da aka buga da Faransanci, duk sun yi laushi saboda yawan naɗewa da warwarewa. Mun san ta, kamar yadda duk mai shiga babbar kasuwar Kilomita Biyar ya san ta. Maigidanta yana cikin waɗanda suka rasu a tashin hankalin 2014, tun daga lokacin kuwa da teburin kayan miya take riƙe da 'ya'ya biyar. Babban cikinsu, ɗan shekara 19, ya yi shekara uku yana koyon damben zamani, wato na safar hannu, a wani ɗakin horo da ke cikin gari. Wani baƙo da ya ce daga Duwala yake ya ga wasansa, ya yaba, ya ce zai fita da shi waje ya mayar da shi ƙwararre mai cin abinci da hannunsa.

"Malam, don Allah ku duba mini takardun nan," in ji ta. "An ce in dangwala yatsa kafin Juma'a, ni kuwa ko baƙi ɗaya ban sani ba a rubutun Nasara. Yaron ya hana ni barci, wai zan toshe masa arzikinsa."

Muka karanta, muka sake karantawa. Yarjejeniyar ta shekara biyar ce. Rabin duk abin da yaron zai samu na baƙon ne. Baƙon shi ne wakilin yaron, kuma shi ne mai shirya masa wasa. Kuɗin mota, masauki, abinci da magani duk bashi ne a wuyan yaron, za a riƙa cirewa daga rabonsa. Babu inda aka faɗi abin da zai faru idan ya ji rauni. A shafi na uku, inda ya kamata a rubuta mafi ƙarancin abin da za a biya shi a kowane wasa, an bar wurin fili. Ƙarƙashin wannan filin ne ake son uwar ta sa hannu, a matsayin mai lamunin bashin ɗanta.

Ba mu da hujjar kiran baƙon nan ɓarawo, kuma ba mu kira shi ba. Amma takardar da ya kawo tsohuwa ce, ta girme shi. Kusan kowane sharaɗi da ke cikinta ya taɓa cin wani zakara wanda duniya ta san sunansa. Muna sane da cewa malamai sun yi magana a kan damben kansa, domin Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ta zauna a Makka a 1987 ta yi fatawar hana shi saboda bugun fuska da cutar da jiki da ke cikinsa, kuma mun shaida wa uwar haka. Wannan bahasi mun bar wa masu shi. Abin da ke gabanmu shi ne yaranmu sun riga sun shiga, ana kuma kawo wa iyayensu takardu.

Inda kuɗin ke bi

Ɗan kallo yana ganin mutum biyu a fage, amma kuɗin dambe ta hannun mutum na uku yake bi. Mai shirya wasa shi ke kama wuri, ya buga talla, ya sayar da tikiti, ya ƙulla da gidajen talabijin. Duk abin da ya shigo aljihunsa yake faɗawa tukuna, daga nan ya biya 'yan damben abin da aka yi alkawari, sauran ya zama ribarsa. Ashe ke nan duk abin da ya rage wa ɗan dambe, nasa ne ya ƙaru. Ba laifi ba ne mutum ya nemi riba, musamman da yake shi ma yana iya faɗuwa idan 'yan kallo ba su zo ba. Amma dai mai saye ne, kuma mai saye ba ya taya kaya da tsada.

Saboda haka ne ɗan dambe yake ɗaukar manaja, wakilin da zai zauna ya yi ciniki a madadinsa, ya ja farashi sama, shi ma ya sami kamashonsa daga abin da ya samo wa yaronsa. A jihohin Amurka da dama doka ta ƙayyade wa manaja kashi ɗaya cikin uku, a Ingila kuwa kashi 25 cikin 100. Mai horarwa bisa al'ada yakan ɗauki kashi 10. Duk ɗan kasuwar da ke karanta wannan ya riga ya hango inda matsalar take: idan dillalin da ka ba saniyarka ya sayar maka shi ne kuma mahaucin da zai saya, to, ba a yi ciniki ba, an yi wa saniya kuɗi ne kawai.

Akwatin da aka kai wa Muhammad Ali

Dattawan unguwar nan da suka riski 1974 da hankalinsu ba su manta daren 30 ga Oktoba ba, lokacin da Muhammad Ali ya sa zare da George Foreman a Kinshasa, babban birnin ƙasar nan da muke hangowa daga bakin kogin Ubangi, wadda a lokacin ake kira Zayar. Ƙarfe huɗu na asuba aka fara, agogonsu kuwa da namu ɗaya ne, an zaɓi lokacin ne don ya dace da masu kallo a Amurka. A turmi na takwas Ali ya kai Foreman ƙasa, ya karɓo kambunsa na duniya da aka ƙwace masa a 1967 saboda ya ƙi shiga soja a yaƙin Biyetnam.

Wanda ya haɗa wannan wasa wani mutum ne mai suna Don King, wanda shekara uku kacal ke nan da fitowarsa daga gidan yari. Ya sa kowannensu ya sa hannu bisa alkawarin dalar Amurka miliyan 5 (mai karatu ya lura, duk inda muka ce dala a nan ta Amurka muke nufi, ba dalarmu ta sefa biyar ba), alhali shi kansa ba shi da kuɗin. Da sa hannun nan biyu ya yi ta yawo yana neman mai zuba jari, har gwamnatin Mobutu ta tsaya wa wasan don ta sayi suna a idon duniya. An biya Ali, an biya Foreman, King kuma ya wayi gari shi ne babban dillalin dambe na duniya. Jarinsa kaf sa hannun mutum biyu ne.

Shekara shida bayan haka, ran 2 ga Oktoba 1980, King ya sake haɗa wa Ali wasa a birnin Las Begas, wannan karon da Larry Holmes, wanda a da yaron Ali ne da yake gwada hannu da shi a wurin horo. Ali yana da shekara 38, jiki ya riga ya gaji. Ya sha bugu turmi goma cur, har mai horar da shi, Angelo Dundee, ya ce a tsaya. An yi alkawarin biyan Ali dala miliyan 8. Da kuɗi suka zo, sai aka ga babu fiye da miliyan ɗaya da dubu ɗari a ciki. King ya ce ai sun yi magana da baki cewa an rage farashin. Lauyan Ali, Michael Phenner, ya ce takarda ba ta faɗi haka ba, ya shigar da ƙara a 1982.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi taɓa mu, kuma ɗan jaridar nan Jack Newfield ya kawo shi filla-filla a littafin da ya rubuta kan rayuwar King a 1995. King bai tura lauya wurin Ali ba. Ya nemo Jeremiah Shabazz, malami a ƙungiyar baƙaƙen fatar Amurka da Ali ya fara shiga kafin ya koma tafarkin Sunna, mutumin da yake cikin waɗanda suka fara yi wa Ali wa'azi tun yana saurayi, wanda Ali ba ya iya haɗa ido da shi ya ce a'a. Aka ba shi akwati ɗauke da tsabar kuɗi dala dubu 50, da wata wasiƙa. Wasiƙar ta ce Ali ya janye ƙararsa, ya yafe sauran kuɗin, har ma ta ba King damar shirya duk wani wasan da Ali zai yi nan gaba. A lokacin lafiyar Ali ta fara taɓarɓarewa, maganarsa ta fara sarƙewa, ga ɗimbin jama'a da ke ci a ƙarƙashinsa. Ya ga kuɗi a shimfiɗe, ya ga fuskar wanda ya yarda da shi, ya sa hannu ba tare da ya kira lauyansa ba. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, haka Hausawa suka ce, to amma wannan kaza ta riga ta zama tasa a rubuce. Abin da ya karɓa bai kai kashi 5 cikin 100 na abin da yake bi ba. Newfield ya ce da labari ya isa ga lauyan sai da ya zubar da hawaye, Shabazz kuma daga baya ya yi nadamar aiken da ya kai.

Mun daɗe a kan wannan labari domin irinsa ne ke faruwa a tsakaninmu. Da wuya baƙo ya shigo gidan Bahaushe kai tsaye ya ce a sa masa hannu. Sai ya bi ta kan wanda ake jin nauyinsa, kawu, ko abokin marigayi, ko wani da ake sahu ɗaya da shi a masallaci, sau da yawa shi ma ɗan aiken bai san abin da ke cikin takardar ba. Daga nan sai tambaya ta zama rashin kunya, neman a karanta ya zama zargi. Alhali aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma da muminai take magana a junansu. Har tanadi ta yi wa wanda ba ya iya tsara maganar da kansa, cewa waliyyinsa ya tsaya masa. Duk kuma wanda ya karanta Risala a zaure ya san cewa a mazhabarmu ta Malikiyya jinga tana inganta ne idan an yanke mata lokaci an kuma ambaci lada. Takardar da aka bar wurin kuɗinta fili, tun kafin a je gaban alƙalin gwamnati ta faɗi a gaban malamin zaure.

Zakaran da ya ci wasa ya koma gida da bashi

Idan labarin Ali na amana ne, na Tim Witherspoon na lissafi ne. Ran 19 ga Yuli 1986, a filin Wembley na birnin Landan, Witherspoon yana riƙe da kambun duniya na masu nauyi ya doke ɗan Ingila Frank Bruno a turmi na goma sha ɗaya. Bruno da ya sha kaye ya tafi da kimanin dala dubu 900. Witherspoon da ya yi nasara, da aka gama yanke-yanke, abin da ya shiga hannunsa dala dubu 90 ne da 'yan kai. Ina sauran? Manajansa shi ne Carl King, ɗan da Don King ya riƙa, wato agolansa, kuma rabi yake ɗauka. Sannan aka cire kuɗin sansanin horo, wanda shi ma na King ne, da kuɗin abokan gwaji, da basussukan da aka ce ya ci a baya. Witherspoon ya ba da labarin cewa tun farkon shigarsa hannun King an sa shi ya sa hannu a takardu da dama lokaci guda: ɗaya ta ce manaja zai ɗauki kashi ɗaya cikin uku, ita ake nuna wa hukuma, ɗaya ta ce rabi, ita ake aiki da ita, ɗaya kuma babu komai a jikinta. Ya kai ƙara yana neman dala miliyan 25, aka yi ta ja har 1992, aka sasanta a kan abin da ya kai kimanin miliyan ɗaya. Kafin nan shekarun ƙarfinsa sun wuce a zaman jiran kotu.

Mike Tyson ma ya kai King ƙara a 1998 yana neman dala miliyan 100, aka sasanta a kan miliyan 14 a 2004. Terry Norris, wanda dambe ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, ya sami miliyan 7 da rabi a sulhun 2003. Adalci ya sa mu faɗi cewa King ya sha musanta zarge-zargen nan, sulhu kuma ba hukunci ba ne. Haka nan ba duk asarar Tyson ce ke wuyan dillali ba, domin mutumin da ya samu sama da dala miliyan 300 ya kuma bayyana a kotu a 2003 cewa ya tsiyace, lalle da hannunsa a ciki.

Waɗannan shari'o'i ne suka sa majalisar Amurka ta yi doka a shekarar 2000, aka kuwa sa mata sunan Muhammad Ali. Dokar ta hana mai shirya wasa ya zama yana da hannu a wakilcin ɗan damben da yake shirya wa wasa. Ta tilasta masa ya bayyana wa ɗan dambe abin da shi kansa ya samu daga wasan. Ta kuma karya wata tsohuwar dabara, inda ake ce wa yaro ba zai sami damar karawa da zakara ba sai ya jinginar da wasanninsa na gaba ga mai riƙe da zakaran. Irin wannan sharaɗi yanzu ba ya wuce wata 12. Wannan doka a Amurka ta tsaya, ba ta ƙetaro teku ba. Yaron da ya tashi daga Bangi ya bi ta Garwa-Bulai zuwa Duwala, kariyarsa ita ce abin da aka rubuta kafin ya hau mota.

Namu damben

Kada mai karatu ya ɗauka wannan ciwon Turawa ne. Damben gargajiya da kakanninmu suka baro a ƙasar Hausa asalinsa wasan mahauta ne da ake yi da kaka, bayan an kawar da amfanin gona. Samari su naɗe hannu ɗaya da zare, su yi ta bin garuruwa ana kiɗa ana kirari, wanda ya yi kisa, wato ya kai abokin karawarsa ƙasa, ya tafi da suna. Ɗan Anace da waƙa ya raya sunan Shago, har yau ana jin ta a shagunan unguwar nan. A wancan zamani lada a fili yake. Wanda wasanka ya burge ya taso ya liƙa maka kuɗi a goshi, ko ya ba ka riga, ko ɗan bijimi, kowa yana gani. Wannan tsari, duk da ƙarancin abin da ke cikinsa, yana da kyau guda: babu wanda ke tsakanin mai bayarwa da mai karɓa.

Da dambe ya shigo birni aka kewaye shi da langa-langa aka sa mai karɓar kuɗin ƙofa, sai mutum na uku ya bayyana. A gidajen dambe na Kano da Sakkwato da Kaduna da Dei-Dei ta Abuja, mai gida shi ke gayyato 'yan wasa daga ɓangarorin Kudu da Arewa da Guramada, ya ba su wurin kwana, bayan wasa ya sallame su. Kalmar sallama ita kanta ta isa abin lura, domin kyauta ake sallamar mutum da ita, lada kuwa biya ake yi. Galibi da baki ake yin magana, mai gida kuma shi kaɗai ya san abin da ƙofa ta tara. Akwai masu gidajen da suka riƙe amana, suna sa babura da motoci a gasa, suna ɗaukar nauyin wanda ya ji ciwo. Amma idan aka sami saɓani, ɗan damben da ya karye a muƙamuƙi ko ya rasa ido ba shi da abin da zai nuna sai shaidar 'yan kallo, su kuwa sun watse.

Yanzu kuma kyamara ta shigo fage. Tun wajen 2017 ake ɗora wasannin dambe a YouTube, miliyoyin mutane a ƙasashen da ba su taɓa jin Hausa ba suna kallo, kamfanoni kuma sun fara zuba kuɗi, wasu sun kawo likita a bakin fage da rabon 'yan wasa bisa nauyi. Ci gaba ne, muna maraba da shi. Sai dai ya zo da tambayar da Shago bai taɓa fuskanta ba. Wasan da aka yi cikin minti biyar yana iya shekara goma yana kawo kuɗin talla. Na wane ne wannan kuɗi? Ɗan damben da aka sallama a daren da aka yi wasan, ya san cewa ya sayar da hotonsa, ko kuwa a zatonsa bugu kawai ya sayar?

Wanda ya ce a'a

Akwai misali ɗaya na kusa da samarinmu suka fi mu sani. Francis Ngannou ɗan Kamaru ne, an haife shi a ƙauyen Batiye a 1986, tun yana ɗan shekara goma yake haƙar yashi don ya sami kuɗin makaranta. Yana da shekara 26 ya bi ta Nijeriya da Nijar da Aljeriya da Maroko, ya ƙetare zuwa Sifen a 2013, aka tsare shi wata biyu, ya ƙarasa Faris inda ya yi ta kwana a titi. Ba mu kawo wannan don wani ya bi sawunsa ba. Hamada da teku sun ci dubbai waɗanda ba wanda ya rubuta labarinsu. A watan Maris na 2021 ya zama zakaran masu nauyi na kamfanin UFC, masu shirya irin damben nan da ake haɗa naushi da shuri da kokawa, wanda dokar Ali ba ta shafe shi ba.

Da ya kare kambunsa a Janairun 2022, abin da aka bayyana an biya shi dala dubu 600 ne. Kamfanin ya yi masa tayin sabuwar yarjejeniya mai tsoka, shugabansa ya ce ba a taɓa yi wa mai nauyi tayi irinsa ba. Ngannou ya ƙi. Ya ce ba yawan kuɗin ne damuwarsa ba, sharuɗɗan ne: yana son inshorar lafiya ga 'yan wasa, da 'yancin ɗaukar tallan kansu, da wakili da zai yi magana da yawunsu, da kuma damar yin damben safar hannu idan ya so. A Janairun 2023 ya ajiye kambun ya fita, mutane da yawa suka ce ya yi wauta. Ran 28 ga Oktoba na shekarar ya kara da Tyson Fury a Riyad, ya kai shi ƙasa a turmi na uku, ko da yake alƙalai biyu cikin uku sun ba Fury nasara. Rahotanni sun ce ya sami kimanin dala miliyan 10 a wannan dare. A watan Maris na 2024 Anthony Joshua ya buge shi a turmi na biyu, amma ya faɗi ne a kan farashin da shi ya amince da shi. Shi kuwa kamfanin da ya bari, a 2025 kotu ta tabbatar da sulhun dala miliyan 375 da zai biya tsofaffin 'yan wasansa da suka yi ƙarar cewa an danne musu lada.

Ba kowa ne Ngannou ba. Shi ya ƙi ne yana riƙe da kambu, ɗan marainiyar kasuwarmu kuwa ba shi da komai sai ƙuruciya. Amma abin da Ngannou ya yi kafin ya ƙi, kowa yana iya yinsa: ya san abin da ke cikin takardar, ya kuma ƙirga ranar da za ta ƙare.

Ranar Juma'a

Baƙon ya zo bayan an sauko daga masallaci. Muka zauna da shi, da uwar, da yaron, da ƙanin marigayi, da wani ɗan unguwa da ya karanta shari'a a Jami'ar Bangi. Aka fassara takardar layi-layi da Hausa, domin uwar ta ji da kunnenta. Muka nemi a mayar da shekara biyar biyu, a mayar da rabi kashi ɗaya cikin uku, a cike filin nan da adadi, a sa iyaka ga kuɗin da za a kira bashi kuma kowanne ya zo da rasit, a rubuta wanda zai biya asibiti, fasfo ya zauna a hannun mai shi, kowane ɓangare ya riƙe kwafinsa. Muka ce ya zaɓi ɗaya, ko wakili ko mai shirya wasa. Muka ce kuma a cire sunan uwar.

Bai yi fushi ba, mutum ne mai fara'a. Ya yarda da shekara biyu nan take, ya yarda da maganar fasfo. Kan adadin kuɗi ya ce sai an ga yadda kasuwa ta kama. Da aka zo kan sunan uwar sai ya gyara zama, ya ce, "Hajiya, ai wannan tsari ne kawai, ba wanda zai taɓa teburinki."

Ta ce, "To, Alhaji, tun da tsari ne kawai, a cire shi mana."

Ya ce sai ya yi shawara da abokin hulɗarsa a Duwala, zai kira ranar Litinin. Litinin ɗin nan ta wuce da wata huɗu. Yaron ya yi mako biyu ba ya cin abincin gidan, ba ya yi wa mahaifiyarsa magana sai gaisuwa, mu ma ya daina gaishe mu a hanya. Har yanzu yana ganin mun kore masa arziki, mu kuma ba mu da yadda za mu tabbatar masa ba haka ba ne. Yana nan yana fita gudu da asuba ta titin Kuduku, da hantsi ya sauke wa uwar buhunan albasa, da yamma ya tafi horo. Makon jiya ya leƙo ofis, bai zauna ba, ya tambaya ko takardun nan suna nan, yana son ya kai wa mai horar da su, domin an kawo wa wani abokinsa irinsu. Muka buga masa kwafi biyu.